Farar Jarkar Auta

Litinin, da hantsi

Motar dusa ta iso tana tururi kamar yadda ta saba, ni kuwa na tarbe ta da zuciyar da ban saba da ita ba.

Shekaru ke nan ni da Auta, ƙanin matata, muna karɓar wannan dusa daga kamfanin giya da ke bayan katangarmu, muna tatsar abin da masu ita suka ɗauka ya ƙare. Sha'ir ne da aka jiƙa, aka dafa, aka tace ruwan zaƙinsa tun kafin a zuba masa yis ɗin da ke mayar da shi giya. Saboda haka babu ɗigon maye a cikinta, ko da yake uwar yara ba ta fasa kirana mai kwasar ragowar mashaya ba duk ranar da na ɓata mata rai. A cikin ɓawon nan akwai sinadaran da ke hana mai lalacewa, suke kuma kare fatar mutum daga cin rana. Su muke farauta.

Kowa ya iya fitar da su da metanol. Na rubuta sunansa sau ɗaya domin takarda ta shaida, ba zan ƙara ba. Daga yau sunansa wancan ruwan. Fari ne tas kamar na famfo, yana tatsa da hanzarin ɓarawo, yana makantar da wanda ya kurɓa, yana kashe wanda ya ƙara. Danginsa ne suka cinye mini hanci a masana'antar fenti tun ina saurayi, har yau ba na bambance warin kwata da ƙanshin turare. Dalilin da ya sa na haɗa namu ke nan: wani farin gishiri da ake sa wa kaji a abinci, da gilisarin irin wanda mata ke shafawa. A ɗumama su tare, a yi ta juyawa, sai su narke su zama ruwa mai kauri, garai-garai, wanda ko yaro ya lasa iyakarsa ya yamutsa fuska. Zuma muke kiransa. Doka ɗaya na kafa mata, tana nan rataye a bango sama da murhu, da rubutun hannuna:

Zuma, tsantsarta ce darajarta,
Kada ɗigon ruwa ya kusance ta,
Wanda ya sirka ya ci amanarta,
Ya kwance auren da ya haife ta.

Mai Kamfani, matar nan da ke yin man shafawa, ta ce ƙarshen wata za ta sa hannu ta riƙa kwashe duk abin da muka tatsa, bisa sharaɗi guda: kada a sami ko ɓurɓushin wancan ruwan a ciki, domin haka za ta rubuta a jikin kwalabenta. In ta sa hannu, ɗakin nan ya rayu. In ta fasa, manajan kamfanin giya ya riga ya faɗa mana baro-baro cewa mai shanu na jiran dusar, ɗakin kuma sito za a mayar da shi.

To, ga abin da ya raba ni da sukuni. Na tafi jinyar mahaifiyata, na bar wa Auta ɗaki. Na dawo na tarar kwalabensa sun yi ja kamar shayin da aka manta a kan wuta. Na sa ɗaya a na'urar auna launi, ta nuna kusan ninkin abin da muka saba samu.

Na ce, "Auta, me ka yi?"

Ya ce, "Dusar ce ta yi kyau, Yaya."

Bai dube ni ba.

Talata, bayan azahar

Wanda ya zauna da Zuma ya san halinta: sarauniya ce, ba ta gaggawa. In ka jiƙa dusa a cikinta ka ɗora a kan mataci da safe, ɗigo-ɗigo take sauka, sai rana ta yi sanyi kafin ka ga gindin mazurari. Na sha zama ina kallonta ina shirya baitoci tsakanin ɗigo da ɗigo.

Yau na tsaya a bayan Auta ina yi kamar ina neman alƙalami. Tasa ta wuce mataci kafin ruwan shayinmu ya tafasa. Tsiyaya take yi, ba ɗiga ba.

Wani abu ya tsinka ta. Na san abu guda da ke tsinka mai kauri, ya kuma ninka launi a lokaci ɗaya. Na san shi kamar yadda kurma ya san tsawar da ta kurmantar da shi.

Laraba, da sassafe

Na yi sammakon da ban taɓa yi ba, na tarar an riga ni. Motar Auta tana gindin katanga, fitilar ɗakin gwaji a kunne. Ban shiga ba. Na zagaya ta tagar baya, inda labule ya ɗan rabu da bango.

Farar jarka ce, ba ta da takarda a jikinta. A ɗakin da ko gishiri sai an rubuta masa suna! Ya auna daga cikinta da nutsuwar wanda ya daɗe yana yi, ya zuba a tukunyar Zuma, ya juya. Abin da ya zuba ba shi da launi. Ya rufe jarkar, ya leƙa ƙofa dama da hagu, ya kai ta but ɗin motarsa, ya kulle, ya ma ja murfin ya tabbatar.

Na koma bakin titi na ɗan dakata. Sannan na shigo ta ƙofar gaba ina tari da ƙarfi, domin ya ji zuwana. Ya gaishe ni har da rusunawa, ya karɓi jakata.

Wannan yaron, ranar da na je neman auren yayarsa, shi ya tare ni a ƙofa da wando a karkace yana tambayata ko na zo da alewa.

Alhamis, da yamma

Yau ma ya riga ni. Yau ma na yi tari. Yau ma bai dube ni ba.

Juma'a, bayan la'asar

Uwar yara tana ninke kayan wanki, ni ina zaune da takarda a cinya ba tare da na rubuta ko harafi ba.

Ta ce, "Malam, yau ko baiti ɗaya ba ka dame mu da shi ba. Lafiya?"

Na ce, "Ruwa ba ya tsami banza."

Ta ce, "Wane ruwan kuma? Kai dai ba a tambayarka hanya ka nuna da hannu, sai ka bi da mutum ta karin magana."

Na ce Auta ya canza mini. Ta ce ita ma ta ga ya rame, wai sammako ne. Na ce sammakon me. Ta ajiye rigar da ke hannunta.

"Wai ba tare kuke wuni ba? Ka tambaye shi mana."

Na ce, "Tambaya ba ta kama ɓarawo."

Ta miƙe tsaye. "Wa ka kira ɓarawo?"

Na ce magana ce irin ta mutanen da. Ta ce to mutanen da su kiyayi ƙaninta, a bayanta ya girma. Ta kwashe kayan ta shige ɗaki. Safata guda ta bari a ƙasa, na tabbata da gangan.

Ba zan iya gaya mata ba. Wanda ya soki ƙaya a gadon da yake kwana, kansa ya soka wa.

Asabar, da hantsi

Direban dusa mutum ne da bakinsa ya fi motarsa gudu. Muna sauke buhuna, tururi na dukan fuskokinmu, Auta ya shiga ciki kunna tanda, domin dusa ba ta jira: in ba a busar da ita da wuri ba, kafin yamma ta yi tsami.

Direba ya ce, "Malam mai waƙa, ƙanin nan naka fa ya zama zakara. Ko amarya kuka ɓoye a ɗakin kwalabe?"

Na yi dariyar da ba ta wuce haƙora ba.

Ya ce, "Shekaranjiya ma na gan shi yana fitowa daga shagon masu sayar da sinadarai, na bayan tasha, riƙe da jarka. Na yi masa hon, sai ya yi kamar bai san motata ba. Motar da ko makaho ya santa da wari!"

Shagon masu sinadarai. Gishirinmu da gilisarin ana kawo mana su har ƙofa. Babu abin da zai kai mu can.

Na ɗauko kwalba ɗaya daga cikin jajayen nan a ɓoye, na ce ya shinshina mini, tun da nawa hancin ado ne kawai. Ya ja numfashi kamar mai shirin nutso, ya lumshe ido.

"Me ka ji?"

"Warin dusa, Malam. Sai kuma ɗan warin wahala, amma wannan daga rigarka yake fitowa."

Hancin direba ba hujja ba ne. Wancan ruwan ba ya shelar kansa a cikin Zuma.

Lahadi, bayan azahar

Auta ya zo cin abincin rana da matarsa, kamar kowace Lahadi. Yara suka haye shi, ƙaramar ta zare masa hula ta gudu. Na zuba masa abinci da hannuna. Na kalli yatsunsa yana ci. Tsaftatattu ne, ba su rawa. Ashe hannun mai laifi ma yana iya riƙe cokali daidai.

Da suka fita tsakar gida kallon 'yan tsakin da suka ƙyanƙyashe, sai ga makullin motarsa a kan tebur, kusa da farantina. Motar tana ƙofar gida. Cokali ɗaya daga jarkar da ashana ɗaya sun isa su yanke shari'a: in wancan ruwan ne, zai kama da wuta, in ba shi ba ne, ashana za ta mutu.

Na daɗe ina kallon makullin. Ban taɓa shi ba. Mutum mai furfura a gemu ba ya buɗe but ɗin baƙonsa. Wannan shi ne dalili, kuma dalili ne mai kyau, ban ga abin da zai sa in nemi wani ba.

Litinin, da yamma

Na yi gwajin da ya kamata in yi tun farko. Daga buhun da Auta ya ɗiba na ɗiba, na haɗa Zuma da hannuna, tsantsarta, na jiƙa, na tace. Wuni guda tana ɗiga. Abin da ya fito ruwan ɗorawa ne mai haske, irin namu na da.

Na jera kwalbata kusa da tasa a kan tebur, na kira shi.

"Auta, dusa ɗaya, ɗaki ɗaya, launi biyu. Fassara mini."

Ya buɗe baki, ya ɗaga kai ya dubi bangon da ke sama da murhu, ya rufe bakin.

"Wataƙila juyawa ce, Yaya. Ni ina ɗan daɗewa ina juyawa."

Juyawa! Ni da na koya masa riƙon muciyar gilashi. Dokata ya kalla, kunyarta ta kama shi, amma bai tuba ba. Na rubuta wannan a bayan takardar awo:

Zato baƙo ne mai shigowa babu sallama,
Ya zauna kan tabarma, ya hana ka walwala,
In ka kore shi ta ƙofa ya biyo ta sama,
Ni kam na ba shi ɗaki, har na kai masa fitila.

Talata, da hantsi

Ba fuskokin mata kaɗai nake tunani ba, ko da yake ina tunaninsu: mace ta sayi kwalba, ta karanta cewa babu guba, ta shafa wa kanta, ta shafa wa jaririnta. Ina kuma tunanin ranar da wani mai gwaji a wani gari zai gano, bayan sunanmu ya bazu. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Gara ɗaki ya mutu da gaskiyarsa da ya rayu wata uku da ƙarya, sannan ya mutu da kunya.

Amma in na fuskance shi ya musa, me zan riƙe? Jarkar za ta ɓace kafin la'asar. In kuma ya amsa, da wane baki zan shiga gidana?

Akwai shari'ar da ta fi kyau a bakin baƙo.

Laraba, bayan azahar

An buga wa Mai Kamfani waya. Wanda ya buga bai faɗi sunansa ba, bai kuma ambaci na kowa ba. Shawara kawai ya bayar: cewa gwajin ba-zata ya fi na alkawari albarka, cewa sassafe ya fi hantsi, kuma mai neman gaskiya kada ya tsaya a kwalabe, ya duba but ɗin mota.

Ban ci abincin rana ba. Cikina ne.

Alhamis, da yamma

Kafin mu tashi, Auta ya ajiye wata 'yar leda a gabana. Maganin tari ne, da lemun tsami.

"Yaya, tarin nan naka na safe ya dame ni. Kullum sai na jiyo ka tun daga titi. In bai tafi ba mu je asibiti, ƙurar dusa ba abin wasa ba ce."

Na yi godiya. Na kasa kallon ledar.

Ya kai ƙofa, ya juyo. "In an sa hannu lafiya, akwai maganar da nake so mu yi. Amma sai an sa hannu."

Wato sai an kulle ni a cikin ƙaryar, sannan a gaya mini sunanta. Haka na fassara. Haka kowane mai hankali zai fassara.

Juma'a, bayan la'asar

Zan rubuta yadda ya faru, ba ƙari ba ragi.

Sun zo da sassafe, daidai da isowar motar dusa, wadda ita ma ta yi sammako: Mai Kamfani da mai gwajinta, wata doguwar mace mai farar safar hannu da akwatin ƙananan kwalabe. Manajan kamfanin giya ya hango motoci ya biyo su. Ni ma ina nan, domin sammako ya zame mini jiki. Auta ya riga ya gama abin da yake yi, jarka ta koma mazauninta.

Mai gwaji ta ɗibi na tukunya, ta ɗibi na kwalabe. Sannan Mai Kamfani ta juya ga Auta, ta ce, "Ɗan'uwa, kada ka ji haushi. A buɗe mana but ɗin motar nan."

Auta ya tsaya cak. Sannan ya dube ni. Kusan mako biyu ina jiran ya dube ni, yau ya duba, na gwammace da bai duba ba.

Ya fita, ya dawo da farar jarkar, ya ɗora ta a tsakiyar tebur. Manaja ya ja da baya. Mai gwaji ta miƙa hannu, amma Auta ya riga ta: ya ɗauki kofin awo, ya cika shi, ya kai baki.

Ban san lokacin da na tsallake kujera ba. Na ji muryata tana cewa, "Idonka, Auta! Idonka!" Na doke kofin, ya tashi ya fashe a jikin murhu. Amma ya riga ya haɗiye rabi. Na riƙe haɓarsa ina cewa ya amayar, a kawo mota, a kira likita.

Ya cire hannuna daga fuskarsa a hankali, kamar mai cire ƙaya daga riga.

"Ruwa ne, Yaya."

Ya juya ga Mai Kamfani.

"Tataccen ruwa ne, irin na batir. A shagon sinadarai ake sayarwa, na famfo yana da gishiri-gishiri. In aka sa kaɗan, Zuma tana sakin jiki ta shiga cikin ɓawon, shi ya sa launin ya ƙaru. Shi ke nan."

Mai gwaji ta ɗiga kaɗan a murfin ƙarfe, ta ƙyasta ashana. Ashana ta mutu.

Mai Kamfani ta dafa ƙirji. "Ikon Allah! Ruwa? Ruwa kuke ɓoyewa a but kamar kayan sata? Don me?"

Direba ne, da ke leƙe ta ƙofa da buhu a kafaɗa, ya nuna mata bango da haɓa. Ta matsa, ta gyara tabarau, ta karanta baitocina da ƙarfi, tiryan-tiryan, har da rausaya murya. Ban taɓa jin waƙata a bakin wani ta zama kamar tsirara ba sai yau. Manaja ya yi ta tari, nasa kuma na dariya ne.

Da ma a nan aka tsaya. Sai Auta ya ce, "Ranki ya daɗe, wa ya ce miki but?"

Ta ce, "Ai ba a faɗa mini suna ba. Wani bawan Allah ne, ya toshe baki da ƙyalle don kada in gane shi. Amma sai da ya yi mini baiti biyu a kan gaskiya da ƙarya kafin ya kashe waya."

Babu wanda ya dube ni. Da sun duba, da ya fi sauƙi.

Auta ya ɗauko tsintsiya ya share gilashin da na fasa, ya zuba a kwando, ya wanke hannu, ya yi wa kowa sallama, ya fita.

Asabar, da hantsi

Bai zo ba.

Lahadi, bayan azahar

Babu wanda ya zo cin abinci. Yara sun tambaya, uwarsu ta ce kawu na da aiki. Da suka fita wasa ta ajiye makullin ɗakin gwaji, na Auta, a gefen farantina.

Na ce, "Da ya faɗa mini."

Ta ce, "Ya faɗa maka. Bara. Ya ce a gwada ɗan ruwa, ka ce ko shayi ya ɗauka kuke dafawa. Washegari ka zo da baitocin nan ka rataye su, ka karanta wa direba, kuka yi dariya."

Na ce doka ce ta ilimi, ba da shi nake ba.

"Malam, mutum biyu ne a ɗakin. Kai ka rubuta. To wa aka rubuta wa, kwalabe?"

Ta ci gaba.

"Ya ce mini gara ya yi ta sammako da ya ƙaryata ka a gaban bangonka. So yake a sa hannu tukuna, ka yi farin ciki, sannan ya lallaɓa ya gaya maka kuna ku biyu, har ma ka ce kai ka gano. Sakarai. Tun yana yaro haka yake, in ya fasa kwano sai ya ɓoye, in ya gyara ma sai ya ɓoye."

Sai ta fashe da kuka, ni kuma ban sami karin maganar da ta dace ba.

Talata, da yamma

Sakamako ya fito: tsaf, babu ɓurɓushin komai. Mai Kamfani ta sa hannu a ofishinta, ta ce kaya na farko mako mai zuwa, kuma ja take so, irin wanda ta gani. Ta tambaya, "Ina mai ruwan?" Na ce ba ya jin daɗi.

Ɗakin ya rayu a takarda. Sai dai ni ban san awon ba. Ta taga na ga yana aunawa, amma jarkar nake kallo, ba kofin ba.

Laraba, bayan azahar

Na kulle ƙofa, na zuba ruwa a cikin Zuma da hannuna. Na farko ya yi kaɗan, ta ƙi sakin jiki. Na biyu ya yi yawa, ta tsinke ta zama lami, launi ya fito fari-fari kamar ruwan wankin shinkafa. Ashe dokata ba ƙarya ba ce ɗungurungum: ruwa mai yawa yana kwance auren. Na so in gaya wa wani haka. Rabin gaskiya ma dukiya ce ga wanda ya wayi gari ba shi da ko anini.

Gishirin da ya rage ba zai ɗauki lalube ba, sabo kuma ba zai iso kafin ranar kaya ba.

Alhamis, bayan la'asar

Na je gidansa. Ban taɓa zuwa ni kaɗai ba. Shi ke zuwa wurina.

Ya fito da sauri, ya rusuna, ya shigar da ni falo, ya ba ni kujerar da ta fi laushi, shi ya zauna a ƙasa. Na shirya jawabi tun daga gida, mai gabatarwa da kammalawa. Ban kai ga buɗe shi ba.

"Awon ne, ko, Yaya? Kashi ɗaya ruwa, kashi uku Zuma. Amma sai ta ɗan huce za ka zuba, kuma kafin dusa ta shiga, ba bayanta ba. Kada ka zuba gaba ɗaya, ka riƙa tsiyayawa kana juyawa. In ka ga ta bar bin muciya kamar zare, ya isa."

Ya maimaita mini sau biyu, a hankali, don kada in manta. Bai rage komai ba. Na so ya rage, in sami abin roƙo.

Na ce, "Auta, ka dawo. Zan sauke baitocin."

Ya ce, "Bar su, Yaya, suna da daɗi. Ni ma na yi laifi, da na faɗa."

"To ka dawo."

Ya daɗe yana murza bakin tabarma.

"Da kirana ka yi ka zage ni, wallahi da na jure, kai babba ne. Da ma wayar ce kaɗai, da na ce tsoro ne ya sa ka, ba ka tabbata ba, kana so a duba. Tun ranar nake gaya wa kaina haka." Ya ɗago, ya dube ni sosai. "Amma da na ɗaga kofin nan, ka yi tsalle. Na gode da tsallen, har in mutu ba zan manta ba. Sai dai mutum ba ya irin wannan tsalle a kan wataƙila. Ka yarda, Yaya. Ka yarda zan sa wa mata da jarirai guba, kuma ka zuba mini abinci ranar Lahadi."

Ya raka ni har mota, ya buɗe mini ƙofa, ya jira na zauna. Ya ce in gaida yara, in kuma riƙa sa takunkumi in ina juye busasshiyar dusa. Sannan ya rufe ƙofar a hankali, ya koma ciki.